Sautin faifan da aka kwafa: Abin da ke gyaruwa da abin da ya tafi ke nan

Duk wanda ya taɓa sayen faifan waƙoƙi a tashar mota ko a bakin kasuwa ya san irin ƙorafin da ke biyo baya. Waƙa ta farko ta cika kunne har lasifika na ɓari, ta biyu kuwa sai an ƙure murya kafin a ji ta. Kalangu na fita kamar ana kaɗa shi a cikin randa, kuma da an kai waƙoƙin ƙarshe sai faifan ya shiga tsalle. Masu shagunan tura waƙoƙi kan yi alkawarin cewa akwai manhajar da za ta tace sautin ya dawo garau, wasu ma su nuna wa mai saye rubutun da ke cewa fayil ɗin mai inganci ne.

Akwai ƙa'ida guda da ya kamata a riƙe kafin a saurari kowane alkawari: kwafi ba ya fin abin da aka kwafo shi daga gare shi. Mafi yawan abin da ake kira inganta sauti, hana shi lalacewa ne a kowane mataki. Maganar ta wuce jin daɗin sauraro, domin yawancin waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge da matasa ke ji a yau kwafin kwafi ne, kuma kowane hannu da suka bi ya rage musu wani abu.

Yadda faifai ke ajiye sauti

Kamfanonin Philips da Sony ne suka haɗa gwiwa suka tsara faifan CD, suka fitar da ƙa'idojinsa a 1980, aka fara sayar da shi a Japan a 1982. Lambobi ne a jikin faifan. A kowace daƙiƙa ana auna sauti sau 44,100, kowane awo ana rubuta shi da ɗaya daga cikin matakai 65,536, a ɓangaren dama da na hagu. Jimillar wannan ita ce kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kimanin megabayit 10 a minti ɗaya. Shi ya sa faifan waƙa na asali ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80.

Tun da lambobi ne, idan aka karanta su daidai aka rubuta su daidai, kwafi na ɗari zai zama iri ɗaya da na farko. A nan CD ya bambanta da kaset. Kaset na ajiye sauti ne a jikin zare mai maganaɗisu, kuma duk lokacin da aka naɗi wani daga wani, sai shuwar nan ta “shuuu” ta ƙaru, siraran sautuka su dusashe. Brian Larkin na Jami'ar Columbia da ke Amurka, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya bayyana a littafinsa Signal and Noise na 2008 yadda kasuwar kwafi ta Ƙofar Wambai ta sa dusasshen hoto da gurɓataccen sauti suka zama abin da ido da kunne suka saba da shi.

Da CD ya zo, bai kamata wannan ta ci gaba ba. Amma ta ci gaba, saboda ɓarnar ta sami wasu ƙofofin.

Ƙofa ta farko: matse waƙa

Babbar asara na faruwa ne tun kafin a taɓa faifai. Tsarin MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, yana rage girman fayil ta hanyar zubar da sassan sautin da ya ƙiyasta kunne ba zai lura da su ba. Fayil mai kilobit 128 a daƙiƙa kusan kashi ɗaya ne cikin 11 na girman asali. Lissafin a fili yake: faifai mai megabayit 700 zai ɗauki kusan awa 12 na irin wannan waƙa, alhali a tsarin asali minti 80 kawai zai ɗauka. Don haka idan aka ga faifai guda an ce waƙa 150 ne a ciki, an riga an san cewa an matse su. Idan kuma an ce 300, to matsewar ta kai wadda kowane kunne zai ji.

Matsewa sau ɗaya, idan an yi ta da kyau daga tushe mai kyau, a kilobit 256 ko 320, yawancin mutane ba za su iya bambanta ta da asali ba. Matsalar ita ce maimaitawa. A ɗauko waƙa daga kaset a matse, a ɗora ta a YouTube shafin ya sake matsewa, wani ya sauke ta ya mayar da ita MP3, a zuba a faifai, wani kuma ya ciro daga faifan ya ƙara matsewa don ta shiga memori. Kowane zagaye na zubar da sabon kaso daga ragowar da aka bari.

Kiɗan gargajiyar Hausa na cikin waɗanda suka fi jin jiki a wannan hali. Tsarin matsewa ya fi samun wahala da sauti mai kaifi da ke faɗowa farat ɗaya, kamar bugun kalangu da kotso, da tafi, da ƙarar ƙwaryar amada. Sai bugun ya rasa kaifinsa, ya zama kamar an jiƙa shi. Haka kuma baƙaƙe irin su “s” da “sh” da “ts” suna zaune ne a siraran sautukan da kaset da mummunar matsewa suka fi cinyewa. Idan suka dusashe, kalmomi na cakuɗewa, mai sauraro ya fara cankar abin da mawaƙi ya ce.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. Wanda ya mayar da MP3 mai kilobit 128 zuwa WAV, ko ya ɗaga shi zuwa 320, ya ƙara wa fayil ɗin nauyi ne kawai. Garin da aka tankaɗe, ko an juye shi a buhu mafi girma, dusar da ta fita ba za ta koma ciki ba.

Ana iya kama irin wannan yaudara. Kunnen matashi mai lafiya na jin sauti har zuwa kusan kilohaz 20, kuma faifan asali na ajiye har zuwa 22. Manhaja kyauta irin Spek na zana hoton sautin fayil. Idan aka ga hoton ya yanke a miƙe kamar an sa reza a wajejen kilohaz 16, alama ce mai ƙarfi cewa waƙar ta taɓa zama MP3 mai ƙaramin awo, komai aka rubuta a jikinta yanzu. Sai dai a yi hattara da tsofaffin waƙoƙin da aka ɗauko daga kaset ko faifan garmaho, domin su tun asali ba su da sauti mai yawa a can sama. Dusashewarsu a hankali take, ba ta da wannan miƙaƙƙen yanka.

Ƙofa ta biyu: karanta faifan asali

Hasken lesa ne ke karanta faifai, yana farawa daga tsakiya yana fita zuwa baki. An gina faifan da tsarin gyara kuskure, ta yadda ko ƙarce ya rufe kimanin milimita biyu na layin, na'ura za ta iya lissafo lambobin da suka ɓace daidai. Idan ɓarnar ta wuce haka, sai na'urar ta yi ƙiyasi daga sautin da ke gaba da na baya, ko ta yi shiru na ɗan ƙiftawa. Mai sauraro na iya ƙin lura, amma manhajar kwafi mai gaggawa za ta ɗauki wannan ƙiyasi ta rubuta shi a matsayin gaskiya, daga nan kuma ya bi duk kwafin da za a yi.

Maganin wannan shi ne a ciro waƙa da manhajar da ke karanta kowane sashe fiye da sau ɗaya tana gwadawa. Exact Audio Copy, wadda Andre Wiethoff ya fitar a 1998, ita ta fi shahara ga masu Windows, kuma kyauta ce. Masu Mac na da XLD, masu Linux kuma cdparanoia. Akwai kuma rumbun AccurateRip, inda ake gwada sakamakon mutum da na wasu da suka ciro faifai iri ɗaya a wasu wurare. Amfaninsa ya fi yawa ga fayafayan da aka buga aka sayar a ƙasashe da yawa. Ga waɗanda aka yi a gida, dogaro na kan maimaita karatu.

Kafin a saka faifai, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe. Gogewa a zagaye na iya barin ƙarcen da ke bin layin bayanai, wanda shi ne mafi wuyar gyara. Sannan a sani cewa bayanan sun fi kusa da saman faifan, inda rubutu yake. Ƙarce a ƙasa ana iya goge shi, amma wanda ya huda saman ya kwashe bayanan ne gaba ɗaya.

Abin da aka ciro a ajiye shi a tsarin da ba ya zubar da komai: WAV, ko FLAC wanda aka fitar a 2001, mai rage girman fayil zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku ba tare da taɓa sautin ba. Wannan shi ne uwar kwafi, wadda masu sana'ar ke kira masta. Duk MP3 ɗin da za a sa a waya, daga ita za a fitar da shi, sau ɗaya.

Ƙofa ta uku: ƙara murya

A tsarin lambobi akwai rufin da sauti ba ya wucewa. Idan aka tura waƙa sama da shi, na'ura sai ta sare kan igiyar sautin, abin da kunne ke ji a matsayin ɓari ko tsagewa. Masu shago da yawa na ƙara ƙarfin waƙa domin ta rinjayi hayaniyar kasuwa da ta janareta, kuma mai saye na ɗaukar wadda ta fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau. Manyan kamfanonin waƙa na duniya ma sun faɗa wannan gasar tun daga shekarun 1990, kowa na son faifansa ya fi na wani amo.

Illar ita ce an kashe tazarar da ke tsakanin sauti mai taushi da mai ƙarfi. Kuntigin Ɗanmaraya da muryarsa na buƙatar wannan tazara, haka ma saukar murya tsakanin jagora da 'yan amshi. Idan matsalar ita ce waƙoƙi ba su daidaita a ƙarfi ba, gyaran da ya dace shi ne a sauko da masu ƙara su daidaita da sauran. Tsarin ReplayGain, wanda ya fito a 2001, yana auna ƙarfin kowace waƙa ya rubuta alama a fayil ɗin, manhajar sauraro ta bi, ba tare da an sauya sautin kansa ba. Idan faifan waƙa za a haɗa, manhajar zubawa ce za ta yi amfani da awon wajen daidaita su. Sauran aikin na maɓallin murya ne.

Ƙofa ta huɗu: zubawa a sabon faifai

Faifan da kamfani ya buga da wanda aka zuba a kwamfuta ba ƙira ɗaya ba ne. Na kamfani ana danna bayanansa ne a jikin roba, ƙasansa fari ne kamar azurfa, kuma sau da yawa akwai ƙananan lambobin masana'anta a zoben tsakiya. Shi kuwa CD-R wani rini ne a cikinsa da hasken lesa ke ƙonawa, shi ya sa ƙasansa kan yi kore ko shuɗi ko ruwan gwal. Rinin nan na lalacewa da zafi da hasken rana. Faifan da aka bari a gaban mota a watan Afrilu a Kano ko Zinder ba zai daɗe ba, kuma da yake bakin faifai ne ya fi shan taɓawa da ƙarce, waƙoƙin ƙarshe ne ke fara tsalle.

Abubuwa kaɗan ne ke kawo bambanci a nan. A sayi faifai mai kyau, domin mafi arha shi ya fi yawan kurakurai. A zuba a matsakaicin gudu: faifan da aka rubuta wa 48 ko 52, a sa shi a wajen 16, domin a ƙarshen gudu kurakurai sun fi yawa. A zaɓi zuba faifan gaba ɗaya a tashi guda, saboda zuba waƙa ɗaya-ɗaya na cusa shirun daƙiƙa biyu a tsakani, wanda ke katse doguwar waƙar da aka raba gida-gida. A yi aikin a kwamfutar da ke da batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiya na kashe faifan. A ƙarshe a rufe faifan, a sake ciro shi a gwada da uwar kwafi. Rubutu a kansa kuwa da tattausan alƙalamin maka za a yi shi, ban da biro, ban da manna takarda.

Abubuwan da ba su da tasiri

An daɗe ana yaɗa cewa shafa koren tawada a gefen faifai na ƙara masa daɗin sauti, ko cewa baƙin CD-R ya fi fari amo. Idan na'ura ta karanta lambobi iri ɗaya, sauti iri ɗaya za ta fitar. Kyawun faifai na taimakawa ne wajen sauƙin karantawa da daɗewa.

Haka nan tura fayil ta Xender ko Bluetooth ko filashi ba ya rage masa komai, ko sau nawa aka tura, domin kwafin lambobi ne kai tsaye. Inda ake asara shi ne wurin da ake sake sarrafa sautin: ɗora shi a shafin bidiyo, ko kanga waya a bakin lasifika a naɗa a matsayin saƙon murya. Mai son aika waƙa ko wata muhimmiyar murya ta WhatsApp ba tare da an taɓa ta ba, sai ya aika ta a matsayin takarda.

Inda gyara na gaskiya yake

Ga tsofaffin waƙoƙin da tushensu kaset ne, wanda Philips ya fito da shi a 1963, babban gyara na faruwa ne lokacin ɗaukowa. A nemo kaset mafi kusa da asali. A goge kan na'urar da ke karanta zaren, a daidaita kusurwarsa da ɗan sukurun da ke gefensa har siraran sautuka su fito. A haɗa na'urar da kwamfuta ta waya. Ƙungiyar rumbunan adana sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar a ɗauki irin wannan aiki a awo 48,000 a daƙiƙa da bit 24 a mafi ƙaranci, ta kuma yi gargaɗin kada a dogara da faifan CD-R kaɗai wajen ajiya ta dogon lokaci.

Bayan haka manhaja kyauta irin Audacity na iya rage shuwa da gunjin lantarki da ƙas-ƙas ɗin faifan garmaho. A yi shi da sauƙin hannu, domin tacewa mai tsanani na tafiya da wani ɓangare na muryar, ta bar ta kamar mai magana a cikin gwangwani. Kuma a kan kwafi ake gyara, a bar ɗanyen yadda yake. Wannan ya fi muhimmanci yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke alkawarin sabunta tsohon sauti. Abin da suke yi shi ne ƙirƙiro abin da suke hasashen ya ɓace. Sakamakon na iya daɗin ji, amma bai zama shaidar abin da mawaƙin ya rera ba, kuma wajibi ne a rubuta a jikinsa cewa an sarrafa shi.

Ajiya kuma kwafi uku take so, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam.

Doka, da batun uwar faifai

Iya kwafa ba ya nufin izinin sayarwa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da shi. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, don haka magadansu na da haƙƙi na shekaru masu yawa nan gaba. Dokar ta bar ƙofa ga amfanin kai da nazari da aikin ɗakunan karatu da rumbunan adana tarihi. Buga faifai a sayar ba da izini ba kuwa satar fasaha ce, kuma Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke da alhakin bin sawu.

Satar fasaha na da hannu kai tsaye a lalacewar sauti. Mai kwafa ba da izini ba ba shi da uwar faifai, kuma ribarsa na cikin yawan waƙoƙin da ya cusa da arhar faifan da ya saya. Amma kame kaɗai ba zai gyara sauti ba matuƙar babu ingantaccen kwafi na halal da mai saye zai samu. Waƙoƙin nan kundin tarihi ne. A cikinsu akwai sunayen sarakuna da attajirai da garuruwa, da yadda aka yi siyasar zamanin NEPU da NPC, da irin kirarin da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri daga kwafi na takwas yana iya rubuta sunan da mawaƙin bai taɓa faɗa ba.

Mafi kyawun tushen waɗannan waƙoƙi yana kan zarurrukan da gidajen rediyo suka naɗa, irin su Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962, da waɗanda ke hannun jami'o'i da iyalan mawaƙa da tsofaffin 'yan kasuwar kaset. Zaren maganaɗisu na tsufa, na'urorin da ke karanta shi kuma suna ƙaranci. Tambayoyin da ya kamata a yi wa gidajen rediyon gwamnati da ma'aikatun al'adu na jihohi a bayyane suke: zare nawa ne a ɗakunan ajiyarsu, nawa aka mayar zuwa lambobi, a wane awo, kuma nawa aka ware wa aikin a kasafin kuɗi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar aika wa hukumar gwamnati irin waɗannan tambayoyi a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa.